Ragon Suna a Titin Wudil

Tun da aka shimfiɗa sabon titin nan mai santsi, duk abin da ya hau shi ba ya tsayawa, ba ya kuma ƙara gudu. Ranar sunan ɗana, ragon ya zame ya hau, ya nufi Wudil a tsaye yana tuƙa.

Muka jefa masa igiya biyu daga gefen titi. Surukina Alhaji Mamuda yana hagu, ni ina dama, muna sassarfa. Ya ja, na ja daidai nasa. Ina ni ina fin surukina ƙarfi a gaban jama'a?

"Ja mana, Ɗanliti!"

"A'a, Baba, ku dai ku ja."

Rago bai karkata ba, bai rage gudu ba.

Wajen Mariri muka yi kiciɓis da Malam Tanimu, wanda ya zame tun Sallar bara, yana tahowa zaune kan tabarmarsa.

"Ku koma bayansa ku ja tare!" in ji shi, ya wuce.

Baba ya koma baya. Ni kuwa kunya ta hana ni jerawa da suruki, sai na yi gaba. Jan ya sake zuwa daidai.

Shinkafa zalla aka ci a sunan.