Man Gyaɗar Ummukulsum

A zauren gidansu Ummukulsum da ke Sandamu, Kalilu ya gyara zama ya ce, "Jibi zan turo magabatana. Iyarmu ta ce saboda amanarki, man gyaɗarki kaɗai take saya."

Ummukulsum ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Yaya Kalilu, tun da gyaɗa ta yi tsada nake gauraya shi da mai araha. Har wanda Iya ta saya."

Kalilu ya dube ta. "Wa ya sani?"

"Daga ni sai Allah, yanzu sai kai."

Ya miƙe a hankali. "Ban fasa ba. Amma Iya daga bakinki za ta ji."

Ta kasa ɗagowa. "Gobe da safe zan je."