Ƙafafun Bayan Motar Alidod

Sifana ta sake zamewa, yatsun makaniki Usto Mirzosho suka daki ƙarfe. Ya tsotsi jinin ya tofar, ya zagi notin, ya zagi wanda ya ɗaure shi, sannan ya tuna ai shi ya ɗaure shi bara, har giris ya shafa masa. Amma ga shi tsatsa ta cinye shi kamar ya shekara a cikin kogi.

"Aikin Alidod ke nan," ya faɗa wa ƙasan motar. "Ko dutse ka ba shi aro, a fashe zai dawo da shi."

Alidod mijin 'yarsa Gulnamo ne, direba, dogo kamar falwaya, mai tsoron surukinsa kamar mutuwa. Makon jiya ya kawo farar jif ɗinsa tana ƙara ta baya. Usto ya girgiza tayar ya ji tana rawa. Boljoyin ne, gaɓar ƙarfen nan da ke riƙe ƙafar mota, na bayan duka biyu sun cinye. A cikin gari za su iya lallaɓawa. A hanyar Dushanbe, babban birnin ƙasar, kuwa, inda dutse ke gefe guda, kogin Panj ke can ƙasa a ɗaya gefen, rami ɗaya ya isa ƙafar ta ɓalle.

Kuma yau za su bi hanyar. Likitocin garinsu Khorog sun ce ɗan cikin Gulnamo ya kwanta a gicciye, a kai ta babban asibitin Dushanbe kafin naƙuda ta zo. Sababbin boljoyin kuwa sai jiya suka iso. Da yamma, da ta zo sallama da iyayenta, Usto ya tare mijin a tsakar gida.

"Ka ajiye motar a bakin gareji. In na gama za ka same ta a waje. Kada ka shigo ka tsaya mini a ka."

"To, Baba."

Dama haka ake yi a layin garejin. Mai mota ya ajiye ta ya ɗora makulli kan tayar baya, in Usto ya gama ya fito da ita ya mayar da makullin inda ya ɗauka. Ko madubi ba a taɓa ɗauke wa wani ba.

Da sassafe ya ratsa motocin da suka kwana a layin, farare duk uwa ɗaya uba ɗaya, laka ta rufe su har lamba. Ya lalubi tayar da ke daidai ƙofarsa, makulli ya zo hannu. Yana shiga gwiwarsa ta daki sitiyari, an matso da kujera gaba, wataƙila don kaya su sami wuri. Sai warin taba ya doki hancinsa. Yaron da ya rantse a gabansa cewa ya daina tun ranar da aka ce Gulnamo na da ciki! Mai hali ba ya fasa halinsa. Usto ya haɗiye fushin, ya shigar da motar.

Yanzu ga hantsi ya ɗaga, noti ɗaya ya hana shi sakat. Ya zuba masa mai, ya gasa shi da wuta, da ƙyar ya juya. Ya ɗaura ƙarfen zare boljoyin ya matsa, ƙarfen ya ce ƙas, ya karye gida biyu.

Dole ya kulle garejin ya gangara kasuwa aron wani wajen Shodi mai kayan mota.

"Ah, Usto! Ba kai ka ce guduma ta ishe ka ba?"

"Ba ni abin nan, Shodi, sauri nake."

"Sauri ya haifi nawa. Zauna ka sha shayi, yana gidan ƙanena, yanzu za a kawo."

Yanzun Shodi ta kai kofi uku na shayi mai gishiri da man shanu. Usto yana kurɓa yana kallon inuwa tana gajarta, ransa na tafasa. Da ya dawo, layin ya yi fili, direbobi sun watse neman fasinja.

Boljoyin na farko ya fita. Ya juya shi a tafin hannu, ya ga robar ba ta yage kamar yadda ya tuna ba. Tsufa ke nan, ido ya fara yi masa ƙarya. Ya jefa shi cikin bokiti ya kama na biyu, wanda ya fi na farkon taurin kai.

Rana ta raba, lokacin tashinsu ya wuce. In suka makara, duhu zai same su a inda hanya ta fi ƙunci, da mace mai tsohon ciki. Tsoro ya fara cin Usto fiye da haushi. Shi kuwa Alidod ko leƙowa bai yi ba ya ji ina aka kwana. An ce kada ya tsaya wa mutum a ka, shi ne ya samu dalilin barci.

Sai da rana ta karkata ya ɗaure noti na ƙarshe. Ya sauke jak, ya girgiza tayoyin da duk ƙarfinsa, ko gezau. Ya sauke ajiyar zuciya. Yanzu ko hanya ta fi haka muni, 'yarsa za ta isa.

Yana goge hannu wani gajeren dattijo ya shigo da taba a baki, ya tsaya yana kallon tsofaffin ƙarafan da ke cikin bokiti.

"Sannu da aiki, Usto. Me ka yi wa ƙafafun motata? Ni fa juyen mai na kawo ta."

"Motarka? Ta surukina ce."

"Ta surukinka ai ita ce ta kwana a bayan tawa. Tun hantsi na gan shi ya same ta a waje da makulli kan taya, ya ɗauko matarsa sun kama hanyar Dushanbe, yana ta yabon saurin aikinka."