Kwaɗo a Ƙugun Khairiyya

Mansura ta matse zanen gadon ta shanya shi can bayan rumbu, inda take zaton ido ba zai kai ba. Ina, idon surukarta Inna Suwaibatu har bayan rumbu yana kaiwa.

"Yau ma?" in ji tsohuwar.

"Yau ma, Inna."

Mansura ko lallen aurenta bai gama gogewa ba. Daga wani ƙauye na Sabuwa aka kawo ta Mabai, aka haɗo ta da ƙanwarta Khairiyya, 'yar shekara bakwai, don ta taya ta zaman ɗaki. Ranar farko da Inna ta ga katifa a rana ta tambayi dalili, sai bakin Mansura ya riga tunaninta. Ta ce yarinyar ce, tsoro ke sa ta hawo musu gado. Magana kuwa zarar bunu ce.

Khairiyya ta rantse ba ita ba ce. Wa zai kula rantsuwar mai fitsarin kwance? Yayarta ta riƙa toshe mata baki da alewa da ƙuliƙuli, in ta juya baya kuma ta share hawaye. Kunya ta hana Mansura sakat, ko tuwo ba ya wuce mata da daɗi.

Matan gidan kuma ba su da aiki sai sa ido. Sun lura amaryar ba ta jin ƙarar babur sai ta zabura, don tana ƙarama aka ƙone garinsu a gabanta. Aka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya, wai mai irin wannan firgita ai komai ma za ta iya yi a kan gado.

Abin ya fi yi wa Inna ciwo saboda autanta ne angon. Kamilu, wanda take yi wa kirari ko a gidan suna. Yana ɗan shekara goma sha biyu 'yan bindiga suka kora shi daji tare da shanun babansa, ya yi watanni, ya dawo da ƙafarsa ko hawaye babu, bai kuma taɓa ba kowa labarin ba. Tun daga nan ya koma shagon ƙofar gida shi kaɗai, ko hularsa bai yarda wani ya wanke masa ba. Ga shi yau cikin 'yan sa-kai, mutum mai kamun kai, ko fura ba ya sha in rana ta faɗi. Irin wannan namiji ne za a riƙa kwantarwa cikin zarni?

Inna ta yanke shawara, za a yi wa yarinyar maganin da aka gada.

Da hantsi, bayan maza sun tafi gona, ta aika aka kamo kwaɗo a kududdufi. Aka ɗaura wa Khairiyya shi a ƙugu da tsumma, aka yafa mata jiƙaƙƙen zanen a ka. Kafin ka ce kwabo yaran unguwa sun cika tsakar gida, kowa da gwangwaninsa, suna jiran a ce su fara waƙar amalala a zagaya gari da ita.

Kwaɗon ya motsa a jikinta. Yarinyar ta sandare, ko ihu ta kasa. Ta ɗago ido ta nemi yayarta.

"Yaya, ki faɗa masu."

Mansura ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta san yadda mutum kan sandare haka, ta kuma san ba ya sakin mutum da wuri. Ta fito daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Ku kwance mata, Inna. Ba ita ba ce. Ni ce."

Gwangwanaye suka yi tsit. Matan suka kama baki, wata har da guntuwar dariya, don abin da suka daɗe suna faɗa ke nan. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Gandamemiya da ke? Kuma kika laƙa ma ƙanwarki? To ɗana bai auri amalala ba. Haɗa kayanki, yau ɗin nan za ki kwana gaban uwarki."

Ba wanda ya lura da Kamilu. Tun ɗazu ya dawo ɗaukar fartanya, yana tsaye a zaure yana jin komai. Ya shigo yana jan ƙafa, zufa ta jiƙa masa riga. Ya durƙusa gaban Khairiyya ya kwance tsumman, kwaɗon ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin turmi. Mansura ta girgiza masa kai, tana roƙonsa da ido ya yi shiru.

Bai dube ta ba. Ya cire zanen daga kan yarinyar ya yafa a nasa kan, sannan ya juya wajen mahaifiyarsa.

"Inna, in zagaya gari za a yi, da ni za a zagaya. Tun daren farko da na yi a daji ban ƙara tashi a kan busasshiyar shimfiɗa ba."