Ke Na Faɗa Wa

"Hajiya, 'yarki ba ta da lafiya," in ji malamar jami'ar, tana tsaye a ƙofar shagon atamfa a Kasuwar Sabon Gari. "Ba ciwon jiki ba ne, damuwa ce. A ofishina ta yi ta kuka, ta ce rayuwa ta ishe ta."

Uwar ta ajiye almakashi. Sannan ta yi godiya, ta rako ta bakin titi.

Malamar ta koma gida hankalinta kwance. A bitar ma'aikata an gargaɗe su kada malami ya riƙe irin wannan magana shi kaɗai, ofishin ba da shawara kuwa a kulle yake tun da mai shi ya yi ritaya. Wa ya rage in ba uwa ba?

Daga ranar yarinyar ba ta ƙara zuwa aji ba, wayarta ma a kashe. Da aka fara jarrabawa babu ita, malamar ta sake shiga kasuwa. Ta sami yarinyar a shagon tana ninke atamfa, duk ta rame.

"Iyayena sun cire ni daga makaranta," in ji yarinyar a hankali. "Baba ya ce karatu ne ya taɓa min kai."

"Wallahi taimako na yi nufi."

"Na sani, Malama." Ta waiga ko uwarta na kusa. "Amma a makaranta kaɗai nake samun numfashi. Abin da nake gudu a gida yake. Shi ya sa ke na faɗa wa."