Ragar Sakatare

Da Gordon Pickersgill ya zura hannu cikin jakar ƙuri'a ya zaro lamba ta tara, bai yi murmushi ba, ko da yake kowa ya san babu gurbin zaman kamu da ya fi wannan kifi a tafkin Misis Thwaite. Abin da ya ɓata masa rai shi ne, lamba ta goma Denzil Ackroyd ta faɗo wa.

Gasar ƙarshe ce ta shekara, kuma kofin ƙungiyarmu ta masu kamun kifin da ake kira kaf yana gab da shiga hannun Gordon. Shekara goma sha biyu yana sakatare bai taɓa ɗaga shi ba. Yau in ya zo na ɗaya, ya zama nasa.

Dokar tafkin a bayyane take. Kowane mai gasa yana tara abin da ya kama da rai cikin ragogin ajiya da ke nutse a gaban dakalinsa, kuma raga ɗaya ba za ta wuce nauyin laba sittin ba, domin kada kifayen su danne juna. Wadda ta wuce, an soke ta ɗungum. Bara Gordon da kansa ya soke ragar Alwyn, yayan Denzil, a kan rabin laba. Alwyn ya rasa kofin, ya sayar da kayan kamunsa, bai sake taka bakin ruwa ba. Tun daga ranar, gaisuwa ba ta haɗa Denzil da Gordon ba.

Aka busa usur. Gordon ya yi aikinsa yadda ya saba, a tsanake: ya watsa masara, ya jira, ya ja. Duk kifin da ya shiga raga sai ya kimanta nauyinsa ya danna a ɗan abin ƙirgan da ke maƙale a akwatinsa. Da ragar farko ta kai laba hamsin da huɗu, ya daina zuba mata, ya koma ta biyu. Bai taɓa yarda ya matsa kusa da iyaka ba.

Wajen tsakar rana aka ƙwala masa kira daga ƙarshen tafkin. Mutum biyu suna jayayya a kan kifin da ƙugiya ta kama a wutsiya, kuma hukunci na sakatare ne. Ya miƙe ba da son ransa ba. Yana wucewa ya ga sandar Denzil ta lanƙwashe kamar baka, mai ita ya dage yana ja.

Da ya dawo sai ya tarar da Denzil durƙushe a kan dakalin gurbi na tara, hannun rigarsa jiƙe har kafaɗa, bakin ragar farko a buɗe, komar da Denzil ke kwaso kifi da ita yashe a gefe tana ɗigar ruwa.

"Me kake nema a ragata?"

"Zamewa take yi, ranka ya daɗe. Na ce bari in gyara wa babban alƙali, kada ya yi asara."

"Ɓarawo! Nawa ka kwashe?"

"Ka tambayi abin ƙirganka mana. Ai shi ne ubangidanka."

Gordon ya cakumi wuyan rigarsa. Sai da Misis Thwaite ta sauko daga rumfar shayinta ta shiga tsakani. Ta saurari kowa, fuska a ɗaure, ta ce ba za a yi mata dambe a bakin ruwa ba, sikeli ne zai raba gardama. Gordon ya faɗi lissafinsa da ƙarfi domin kowa ya shaida: laba hamsin da huɗu. In ragar ta gaza haka, za a kori Denzil daga ƙungiya, kuma ba zai sake zama a tafkinta ba. Denzil ya ce ya yarda, ya ɗauki komarsa ya koma gurbinsa.

Sauran yinin Gordon bai ɗaga ko da zuwa bayan gida ba. Ya cika raga ta biyu, ya kai ta uku rabi. Lokaci zuwa lokaci yana juyawa ya harari maƙwabcinsa, wanda ya buɗe burodinsa da cuku yana ci kamar wanda ya zo shan iska.

Da aka busa usur na tashi, masu awo suka faro daga lambobin sama. Kamun Denzil bai taka kara ya karya ba: ƙananan kifaye ne zalla, babu babba ko ɗaya.

"Nawa da ya kwashe, ya sake su cikin ruwa," in ji Gordon. "Ba don ya ci gasa ya sata ba, don ya rage ni ne. Ku zo ku gani."

Duk ƙungiya ta taru a dakalinsa. Raga ta biyu da ta uku suka kawo laba tamanin da ɗaya, kuma wanda ke kan gaba yana da ɗari da goma. Ko an sace masa sulusin ragar farko, kofin nasa ne, abokin gabansa kuma korarre. Gordon ya jawo ta da kansa, ya juye a buhun awo, ya harɗe hannuwa.

Allurar sikeli ta wuce hamsin da huɗu, ta wuce sittin, ta tsaya a sittin da bakwai. Aka sake aunawa, ba ta motsa ba. Misis Thwaite ta ce babu sata, ragar kuma an soke ta, bisa dokar da sakatare ya fi kowa sani. Gordon yana tsaye yana kallon allurar, Denzil ya raɓo ta gefensa da kayansa a kafaɗa, ya yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Haba Sakatare, kifin da ya fi kowanne girma a rayuwata na ba ka kyauta, amma ko na gode babu?"