Wancan Mai Lissahi

Wayar tana bisa tebur tana ɓari, Hajiya Laure tana dubinta awa an aje mata mushen kusu. Mujtaba, mai shagon kwamfuta na Badariya, shi yad danna mata yas sa sipika, don shi yaj jawo zancen ga tun hwari, kuma ba shi son a ɓata mishi aiki.

Zancen kuwa na abokinai Izzuddeen na, malamin lissahi a makarantar kuɗi ta Hajiya da ke Gesse. Yaron Argungu, tashin ɗakin kaka. Da sahe shina gonar shinkahwa Ambursa, in anka yi azahar shi wanke taɓo shi hau mashin shi zo shi riƙa alli. Shekaru shina haka, har Kanada tas shiga ranai. Abin da ka cin shi guda na: mutanen can suna son masu sana'a, to aikin rabin wuni shina shiga lissahi ko ba shi shiga?

Mujtaba yat tona kwamfuta har idonai yay yi ja. Yac ce shina shiga, in anka tara awowin sunka kai na cikakkar shekara. Sun ma wuce. Saura dai su kira mai makaranta ta ba da shaida.

Ni aji ukku nit tsaya, amma da ni anka kira, da yanzu yaron ga shina can shina tauna ƙanƙara, har sarkin garin sai na sa ya zo tarbo nai.

Ita Hajiya tun can Mujtaba ba shi ƙaunar halinta. Kowane malami in ya shigo ohis ta kira sunanai, ta tambayi iyali har da awaki. In Izzuddeen yas shigo, sai ta mai da ido ga bango. In tana cin abinci ta ruhe kwano. Ranar rabon kyauta ɗalibanai sunka cinye kowa a lissahi, tat tashi tay yaba ma mai gadi da mai shara, taz zauna. Shi kuwa bawan Allah in ya gan ta sai shi durƙusa nesa, kai ƙasa, awa wanda anka kama da kazar maƙwabta.

Wata mata ta daga Kanada a wayar, turanci sumul. Hajiya kuwa ta tsuhwa cikin boko, ba a sayar da ita da turanci. Akwai ajin marece? Akwai. Ana koyar da lissahi? Ana yi. Tun yaushe, kwana nawa a mako? Tab ba da amsa tsab, babu gargada. Mujtaba har ya hwara lissahin irin rigar sanyin da za a aiko mishi tsaraba.

Sai matar tac ce a hwaɗa mata sunan malamin.

Hajiya tag gyara mayahi. Tac ce wancan dai.

Wane wancan?

Mai lissahi.

Matar tac ce ita ba za ta hwaɗi ba, daga bakin mai makaranta take son ji. Mujtaba yam motsa leɓe. Yar rubuta sunan a tahin hannu yak kai mata har gaban hanci. Hajiya tad dubi hwanka. Matar tas sauya hanya, tat tambaya ko malamin ya iya aikinai.

Hajiya tac ce shina dai zowa.

Ke nan matar tac ce ba ta iya karɓar shaidar wadda ba ta san sunan ma'aikacinta ba. Tay yi godiya irin tasu, mai sanyi, tak kashe.

"Hajiya, wanga ba adalci ba na," in ji Mujtaba. "Shekara da shekaru shina yi miki bauta, suna guda ya gagare ki?"

Tasbaha tana hannunta tana kaɗawa, shi kuwa yac ce a ranai ga makirci, ta yanka mutum tana jan carbi. Yat tohar da yawu bakin ƙohwa, yah hau mashin sai Ambursa, shina tahe shina tsaki har masu albasa na waiwaye.

Yat tarad da Izzuddeen cikin hwadama, wando naɗe, shina hwama da injin ban ruwa. Yaz zazzage mishi komi. Yac ce Kanada dai ta tahi. Yac ce in shi na, ko almuru ba shi kaiwa sai ya kwashe allinai ya bar mata makarantarta, kuma sai kowa a Gesse ya ji irin matar da take.

Izzuddeen yak kashe injin. Yaz zauna bakin kunyar gona.

"Awowin ta hwaɗi daidai?"

"Daidai. Shi na abin ƙyamar ma. Ta san komi."

"To mi sunka tambaye ta?"

"Sunanka, malam. Sunanka kaɗai."

Izzuddeen yad daɗe shina kankare taɓon ƙahwa da tsinke. Can yay yi wata 'yar dariya wadda ba daɗi cikinta.

"Na aza awowi kaɗai za su tambaya," yac ce. "Bar zagin ta, Mujtaba. Tun randa tah haihe ni bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, ni na ɗanta na hwari."