Na Biya a Dawowa

Kai da kullum kake cewa sai ka samu sarari za ka je, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani tsohon makaniken jirgin sama, gwani ne a aikinsa, amma ba ya son a takura masa. Da ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai ya sayi tsohuwar bas ya cire kujerun, ya sa katifa da risho da jarkar ruwa, har da labule. Wai shi ya huta da sauka gidan kowa. Ana nan sai ya ji an kai jirgin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kansa wani gidan ajiye tsoffin jirage, can nesa. Ya ce sai ya gan shi kafin ya mutu. Ya kama hanya shi kaɗai, fili fetal iya ganinka, ba tudu ba dutse, sai gonakin da aka girbe da shanu jefi-jefi. In rana ta yi sanyi ya ratse gindin kuka, ya dafa shayi, ya sha ba mai ce masa sannu. A kan hanyar nan kuwa akwai garin amininsa, wanda suka yi shekara da shekaru suna kwance inji ɗaya tare, yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Da ya iso mararrabar garin har ya rage gudu. Sai ya tuna in ya shiga za a yanka kaza, a tara dangi gaisuwa, a ɓoye masa makullin mota sai ya kwana biyu. Ya ja tsaki ya ce, "Na biya a dawowa." Ya taka mota.

Ya isa ya tarar da jirgin yashe a rana, tayoyi sun sace, tattabaru sun yi sheƙa a bakin injin. Ya sa tafin hannu a ƙarƙashin fiffike, ya taɓo facin da suka yi shi da amininsa wata rana ruwa na dukansu. Dariya ta kuɓuce masa, ya waiwaya zai ce, "Ka tuna?" Wa zai gaya wa? Masu kallo na ta ɗaukar hoto suna wucewa, ba wanda ya san shi. Nan kaɗaici ya kama shi har ya rasa inda zai sa kansa. Bai ko gama zagayen ba ya juyo, duk tsawon hanya yana shirya labarin da zai ba amininsa. Amma ina! Yana shan kwanar layin ya hango tabarmi a ƙofar gida, mutane sun yi jugum. Ashe aminin ya rasu, jiya aka kai shi. Babban ɗan marigayin ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, an gaya masa an ga wucewar motarka. Ya sa aka share maka ɗaki, kullum da la'asar sai a fito da shi nan ya zuba wa hanya ido." Tsoho ya zube kan tabarma yana hawaye.

To, ka ji. Ƙarfen nan ko bayan shekara goma ya je zai same shi inda yake, ɗan Adam ne ba ya jira. Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.